Dambun Gwaggo a Makarantar Yahudawa

Mun tashi daga Largo, unguwarmu a nan ƙasar Turawa, bayan sallar asuba, mu uku daga ƙungiyar matan masallacinmu. Wata makarantar Yahudawa da ke kusa da Alexandria, wani gari da ba shi da nisa sosai da mu, ce ta gayyace mu mu ga yadda take koya wa ɗalibanta sadaka da hidimar jama'a. Ni aka zaɓa don an ce na iya lura, ba don na iya magana ba.

Gwaggona, wadda nake zaune a wurinta, ta dawo daga aikin asibiti a gajiye a jajibirin tafiyar, amma sai da ta yi dambun nama cike da roba. "Ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana," in ji ta. Na karanta cewa Yahudawa ba sa cin alade, sai na ɗauka duk abin da ya halatta gare mu ya halatta gare su.

Jirgin ƙasa ya cika da ma'aikata, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Tsadar tikitin safiya ta sa ɗaya daga cikin abokan tafiyata ta yi tsaki. Ƙamshin dambu kuwa ya tona mini asiri, har wani dattijo ya riƙa leƙen jakata.

Makarantar ba ta da girma. A kowane aji akwai gwangwanin da yara ke jefa ɗan abin da suka samu. A zauren cin abinci muka tarar da su suna cika jakunkuna da shinkafa, wake da burodi, don tsofaffin unguwa, ko wane addini suke bi.

Na miƙa wa malamarsu robar da hannu biyu. Ta shaƙi ƙamshin, ta rufe a hankali. Ta ja ni gefe, ta ce addininsu bai yarda su ci naman da ba mahaucinsu ya yanka ba, kuma ba ya shiga ɗakin girkinsu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi damuna shi ne Gwaggo: za ta tambaye ni ko sun ci, ni kuwa ban iya yi mata ƙarya ba.

"Kyauta ba ta komawa gida," in ji malamar. "Akwai wani tsoho Musulmi a cikin waɗanda muke kai wa. Ki zo mu je tare."

Da rana muka shiga motar makaranta zuwa wasu dogayen benaye da ke yammacin gari. A hanya aka faɗa mini ƙa'idarsu: a ajiye jaka a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, a bar wurin kafin a buɗe, don kada mai karɓa ya ji kunya. Wannan ya yi mini nauyi. Ta yaya zan isa ƙofar dattijo in juya ban gaishe shi ba? Na ɗora robar a kan jakar, na ƙwanƙwasa, sallama tana bakina na haɗiye ta. Muna kan matakala na ji ƙarar buɗe ƙofa, sannan wata murya ta yi bisimilla.

Sai bayan magariba na iso gida. Ko takalmi ban cire ba Gwaggo ta ce, "Sun ci?"

Na faɗa mata komai.

"To wa ya ci?"

"Ban ga fuskarsa ba, Gwaggo."

"Ko an gode bai samu ya ce ba?"

Na girgiza kai. Na san hadisin hannun hagu da bai san abin da dama ta bayar ba tun ina Islamiyya, amma sai a wannan tafiya na gane cewa ɓoye sadaka sutura ce ga mai karɓa.

Gwaggo ta kalli tukunyarta. Can ta ce, "Ki tambayo mini malamar nan, tsohon yana cin yaji?"