Gurbin Ɗan Fari

Jikata Hafsat ce ta tono maganar nan, ba ni ba. Ta zo hutu daga makarantarsu ta Gwarzo, ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ita kuma ta baje a tabarma da takarda da waya tana ta tsaki. Na ce mata a gidan nan ba a yi wa babba tsaki a ka, in abu ya fi ƙarfinta ta faɗa. Ta ce aiki aka ba su. Wai mutum huɗu ne, kowanne ya sayi hannun jari a kamfani guda, na siminti, na sukari, na taki da na waya, aka ce a gano wa ke da wanne. Na tambaye ta mene ne hannun jarin. Ta ce kamar watanda ne, sai dai ba a yanka san, barinsa ake yi yana ƙiba, kowa ya san kasonsa a jikinsa. Na ce madalla, an zo zamanin da mutum zai sayi sa bai ga ko ƙahonsa ba.

Ta yi dariya ta ce, "Tsohuwa, ke dai ji da gyaɗarki, wannan ba na zamaninku ba ne."

Na ce ta karanto in ji. Bayanin duk a karkace yake. Wane bai sa kuɗinsa a abin da ake sha ba. Mai taki mace ce. Wance ba ruwanta da waya. Na share ƙasa da tafin hannu, na tona gurabe da yatsa, huɗu a jere har layi huɗu, kamar na dara. Duk inda aka ce ba shi ba ne, sai in jefa ɓawon gyaɗa in rufe. Ita ma abin da take yi ke nan a takardarta da biro, gaggawa ce kawai ta hana ta. Muka tafi tare a hankali har ta fara riga ni. Da muka zo kan mutum na ƙarshe, gurbi ɗaya ya rage a buɗe a layinsa, sai na janye hannuna na ce ta ƙarasa. Ta ce siminti, ta hau murna, sannan ta tambaye ni a ina na koya, ni da ban taɓa zama gaban malami ba. Na ce ta tashi ta ɗora ruwan tuwo.

A gaban murhun kakata na koya, a Gude. Uwar babana ce, Iya muke ce mata. Mutanenmu asali masu shanu ne, suka zauna suka kama noma, Fulatancin ya tafi amma kunyar ba ta tafi ba. Iya 'yar ƙarama ce, ba ta da fara'a, ba ta ɗaga murya, amma in ta dube ka sai ka tuna laifin da ka yi shekaranjiya. Bayan an gama girbi, in an ci tuwon dare, sai ta hura karan dawa a ƙofar ɗakinta mu zagaye ta, mu jikoki, kowa da ɗan dankalin da ya cusa a toka. Ba ta farawa sai harshen wutar ya kwanta. Sannan ta ce, "Wuta ta yi ƙasa. Wa ya zo da kunnensa?" Mu ce ga namu.

Tana da tatsuniyoyi na dabbobi da na aljanu kamar kowace tsohuwa, amma akwai wata guda da ba ta yi sai da toka. In muka ga ta jawo toka gefe da kara tana lailaye ta, mun san ita ce. Ta tona gurabe, ta ba ni tsakuwoyi in riƙe, don ni ce ba na wasa da abin da aka ba ni.

Wai wata mata ce mai 'ya'ya huɗu maza. Ubansu ya rasu ya bar musu jakuna, suka haɗa jari suka tafi fatauci da kaya iri huɗu, gishiri, kanwa, goro da shuni. Sai da suka yi nisa suka raba kayan, kowa ya kama hanyarsa, saboda haka uwar ba ta san wa ya ɗauki me ba. Da damina ta faɗi, labari ya iso gari cewa ruwa ya ci mai kanwa a wani rafi, shi da jakinsa. Wanda ya kawo labarin bai san sunansa ba.

A nan Iya takan nuna layukan da kara. Wannan Tanko, wannan Mati, wannan Auta. Layin sama kuwa sai dai ta ɗan taɓa shi ta wuce, ba suna.

Matar ta ɗauki tulunta ta je ta zauna bakin rijiyar da matafiya ke shan ruwa. Wanda ya fara zuwa ta tambaye shi Auta. Ya ce ya gan shi a wata kasuwa, hannunsa baƙi-baƙi shuɗi har gwiwa. Iya ta ce in rufe, na jefa tsakuwa a duk gurbin Auta sai na shuni. Na biyu ta tambaye shi Tanko. Ya ce bai leƙa kayansa ba, amma ya ga yana yayyafa musu ruwa safe da yamma. Iya ta dube mu ta ce wane kaya ne ake ba ruwa kamar jariri? Muka haɗa baki muka ce goro, don gishiri da kanwa narkewa za su yi. Saura mutum biyu, saura kaya biyu. Matar ta daɗe a bakin rijiya kafin wata tsohuwa ta zo, ta tambaye ta Mati. Tsohuwar ta ce ba ta san suna ba, ita dai ta sayi gishiri wurin wani saurayi mai wushirya, har ya yi mata gyara. Mati ne mai wushirya.

Gurbi ɗaya ya rage, a layin da ba shi da suna, a ƙarƙashin kanwa. Matar, in ji ta, ta yi wa tsohuwar godiya, ta cika tulunta, ta koma gida ta ɗauki taɓarya. Ta yi ta dakan abin da ya riga ya daku har magariba. Ba wanda ya ga hawayenta. Iya ta share tokar da kara ta ce ta sauke, kowa ya ɗauki nasa.

Ni tatsuniyar nan haushi take ba ni. Wata rana na kasa haƙuri na ce me ya hana matar ta tambayi labarin babban ɗan nata kai tsaye ta huta da wahala.

Iya ta ce, "Ke, ana tambayar ɗan fari? Da wane bakin?"

Na ce to ba ta son sa ke nan. Ta daɗe tana kallona, har na ɗauka zan sha ranƙwashi. Sai ta ce, "Ba ma kiransu, 'yar nan. Ba a ce ba ma kallonsu ba." Babana shi ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai wancan, ko mutumin nan. Amma in ya dawo daga gona yana ɗan ɗingishi, kafin matansa su lura har ta aiko da man shanu mai ɗumi.

Aka yi mini aure a Masanawa, na haifi namiji a fari. Da aka yaye shi aka kai shi ɗakin uwar mijina, kamar yadda ake yi. Ban kira sunansa ba, ban ci abinci ƙwarya ɗaya da shi ba, in ya durƙusa ya gaishe ni sai in amsa ina kallon turmi. Mutane suka yi ta yabona da kunya. Ya girma ya zama mutum mai shiru-shiru, mai ƙoƙarin nema.

Wata shekara, kafin wayar hannu ta shigo ƙauye, shi da abokansa uku, Bala da Sule da Garba, suka haɗa jari suka yi lodin albasa zuwa Kudu. Ranar wata kasuwa, maza duk ba sa gari, wani ɗan kasuwa mutumin Madadi ya biyo da labari. Motar ta faɗi a hanya. Ɗaya ya rasu, Musulmin garin sun yi masa sutura a ranar. Ɗaya yana asibiti da karaya, ɗaya yana jinyarsa, ɗaya ya wuce da abin da ya tsira na kayan. An ce masa 'yan Masanawa ne, amma bai riƙe suna ko ɗaya ba.

Muka taru mu huɗu, iyayensu mata, a gidan Ladi, uwar Bala, mutumin yana tsaye a bakin zaure. Su ukun suna kuka suna jefa masa sunayen 'ya'yansu, shi kuma yana ta ba da haƙuri. Ni ba ni da sunan da zan jefa. Na zauna a gefe na ce ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai. Ya ce mai karayar yana da bille a kumatu. Bala ne. Ladi ta faɗi ƙasa tana hamdala. Ya ce wanda ya wuce da kaya ya ji shi yana ciniki da masu wata motar da Yarbanci. Sule kaɗai ya taɓa zama a Kudu. Saura Garba, saura nawa. Hajara, uwar Garba, ta riƙe hannuna, ta tambayi tsayi, ta tambayi kalar riga, duk amsar ta dace da su biyun. Mutumin ya gaji, ya ce shi dai yaron kirki ne mai jinyar nan, sun zauna a bakin asibiti har yaron ya roƙe shi goro suka raba.

Hajara ba ta ji komai a wannan maganar ba, samari duk cin goro suke yi. Ko uwar mijina da ta raini nawa ba na jin ta sani. Ni na sani. Tun yana ƙarami na gan shi ta wutsiyar ido ya gutsiri goro ya zagaya bayan rumbu ya amayar. Daga ranar, in an ba shi a wurin suna ko ɗaurin aure, karɓa yake yi ya sa a aljihu don kada a ji kunya.

Na zare hannuna daga na Hajara na ce, "Tashi ki wanke fuskarki. Naki yana nan, shi ke jinya."

Ta ce ta yaya na sani. Na ce na sani. Na yi wa mutumin godiya, na sa aka ba shi ruwa, na yafa gyalena na taka har gida da ƙafata. Bayan 'yan kwanaki Garba ya dawo da jakar abokinsa, aka yi zaman makoki, aka yi ta cewa ba a taɓa ganin mace mai dauriyata ba. Ban san ko dauriya ce ba. Abin da na sani shi ne, matar nan ta bakin rijiya da nake jin haushinta, ashe ba wahala take ba kanta ba. Muddin akwai wani da za ta tambaya, ɗanta yana da sauran rai a wurinta. Tambaya ta ƙarshe ce ba wanda yake ɗokin kaiwa gare ta.

Har yau sunan bai fita bakina ba, ko a nan ma ban faɗa ba, kuma yanzu ba shi da mai amsawa. Matan 'ya'yana sun san ni da faɗa. Ina yi musu a kan shara, a kan miya, a kan fita ba mayafi. Amma su 'ya'yansu na fari da suna suke kiransu, gatsal, a gaban kowa, kuma wannan ɗaya ban taɓa tanka musu ba. In na ji wata ta ƙwala wa nata kira daga bakin murhu, yaron ya amsa daga waje, sai in ajiye abin da ke hannuna in saurara har ya shigo.