Dutsen da Na Ɗauke Daga Gaban Taya

Ranar wata Alhamis ce, cikin daminar da na shiga aji huɗu a lakwal, motar da Kawu Bulus yake tuƙawa ta tashi ta yi tafiyarta babu kowa a ciki. Muna zaune a Kirkissoye lokacin, gida ɗaya da shi. Ƙanen mahaifiyata ne, ya zo daga Dogonduci ya sami aikin tuƙi wajen wani likita da ya sayi mota otomatik daga hannun Bature mai komawa gida. Unguwa ba ta taɓa ganin irinta ba: fedar takawa biyu maimakon uku, sandar giya kuma duk haruffa. Kawu bai yi boko ba. Likita ya nuna masa harafin gaba da na baya, sauran kuwa ya ɗauke su kamar ɗakin surukai, ba ya leƙawa.

Batirin motar ya gaji, irinta kuma ba ta tashi da turi. Mun taɓa tura ta, mu yara goma sha wani abu, har bakin gada, ko tari ba ta yi ba. Don haka in Kawu ya biyo gida cin tuwon rana ba ya kashe inji. Sai ya bar ta a giyar gaba, ya ja birkin hannu wanda shi ma ya tsufa, ni kuma in sa dutse a gaban taya. Cikin ayyukana, da ɗebo ruwa da yankan ciyawar awaki da wanke kwanoni, wannan kaɗai nake alfahari da shi. Motar takan tsaya tana rawar jiki tana gurnani, tana danna dutsen kamar jaki ya hango gida. Kawu yakan shafa ta ya ce, "Ƙwazo ne ya yi mata yawa."

Ranar nan muna buga balon tsumma a fili, gola ɗaya ta rasa dutsen alamar raga. Na duba ko'ina, babu mai kyau kamar nawa. Na ce a raina minti biyar ba komai ba ne. Na zare shi da ƙyar, na ruga.

Motar ba gudu ta yi ba. Kaji ma suna wuce ta. Ta ɗauki igiyar shanyar Inna da zannuwanta, ta ratsa tsakanin awaki cikin ladabi, ta doshi zanan makewayin maƙwabcinmu Baba Hamani, wanda ke wanka a lokacin. Zana ya kwanta. Baba Hamani ya miƙe da kumfa har ido, ƙwarya ɗaya a hannu, bai san ko fuska zai rufe ba ko wani wurin, yana ta salati da Zabarmanci. Kawu ya fito da loma a hannu yana ihu, "Tsaya! Ke, tsaya mana!" Bishiyar dogon yaro ce ta tsayar da ita, fitila ɗaya ta tarwatse.

Mata suka ce aljanu ne. Likita ya ce sakaci ne, ya karɓe makulli. Ni da zan iya buɗe baki in ce ga abin da ya faru, na tsaya bayan Inna na yi tsit. Kawu bai sake samun mota ba. Ya koma Tondibiya yana ban ruwan lambun wani har ƙarfinsa ya ƙare.

Sai da na yi furfura na je na durƙusa gabansa na faɗa. Ya yi dariya har da tari. "Ɗan nan, ai na sani. Ina fitowa na hango dutsena a gola. Da na faɗa, babanka da ya karya ka."

Yanzu ɗana yana taksi da otomatik. In ya taka birki a wutar hanya sai in ji motar ta yi shiru, ba rawa ba gurnani. Ya ce na zamani in an tsaya giyar takan saki kanta daga ciki don inji ya huta, in an ɗaga ƙafa ta sake kamawa. Nakan gyaɗa kai kamar na gane, hankalina yana can Kirkissoye. Har yau ban tuna ko mun ci wasan nan ba.