Zauren Bayan Coci

Wata Asabar ce a daminar shekarar 2003, Mama ta riƙo hannuna muka ratsa taɓo zuwa wani dogon zaure mai rufin kwano a bayan cocinmu na Azare. Mu Ibo ne, ba mu daɗe da zuwa daga Kudu ba. Baba na sayar da kayan gyaran babur a kasuwa, Mama kuwa ga tsohon ciki ga rashin Hausa, ko gishiri za ta saya sai da nuni. Kullum maganarta ɗaya, gida za ta koma ta haihu a gaban uwarta, kuma ba ta taɓa cewa za ta dawo ba.

'Yan kasuwar Kudu da suka riga mu zuwa ne suka gina zauren tun ba a haife ni ba, don baƙo ya sami masauki kafin ya kama haya. A zamaninmu matar fasto, Madam Rifkatu, ke riƙe da shi. Da yamma mata kan jeru a benci tana koya musu gaisuwa da ɗinki, mu yara mu share harabar, mu buga ruwa a famfon tuƙa-tuƙa, sannan mu zube ƙarƙashin dogon yaro muna carafke da 'yar gala-gala tare da 'ya'yan maƙwabta. A bakinsu na tsinci Hausa kafin Mama ta iya "ina gajiya". Maƙwabciyar cocin, Hajiya Falmata, Babarbariya daga Yobe, takan leƙo ta nuna wa matan yadda ake kaɗa miyar kuka. Karin maganarta ɗaya ne: "Zo mu zauna, zo mu saɓa, amma sai an zauna tukuna."

Naƙuda ta riga tafiyar Mama. Bayan an sallamo ta daga asibiti ta kwanta tana kuka, don a wajenmu uwa ce ke zuwa ta yi wa 'yarta hidimar jego. Washegari sai ga Madam Rifkatu da itace, ga Hajiya Falmata da ganyen dogon yaro da ƙwaryar kunun kanwa. Hajiya ta ɗauki jaririn, ta dubi Mama ta ce, "'Yata, share hawayenki. Ni ma da na zo garin nan ban san kowa ba." Su suka yi ta yi mata wankan jego har ta warware, ni ina hura wuta hayaƙi na shiga idona. Mama ba ta sake zancen tafiya ba.

Yanzu an mayar da zauren ajin yara, matan sun watsu, Hajiya Falmata ta riga mu gidan gaskiya. Sabbin zuwa kan nemi 'yan'uwansu ta waya, ba sa buƙatar benci. Ni dai in aka tambaye ni garinmu, Azare ke fara zuwa bakina.