Liƙin da Alhaji Tanimu Ya Yi a Bakin Teku

Wata rana, wani ɗan kasuwar hatsi daga Funtuwa ya kai matarsa asibiti a ƙasar Indiya. Sunansa Alhaji Tanimu, matar kuma Hajiya Yalwa. Ciwon zuciya ne. Likitoci suka ce sai an yi aiki.

Suka ce kuma ya kawo mutanen da za su ba da jini kafin ranar aikin. In babu su, a ɗaga.

Jikin Hajiya kuwa ba na ɗagawa ba ne.

Alhaji ba shi da kowa a garin. Nasa jinin ma an ƙi ɗiba, saboda ciwon sukari.

Mutum ɗaya kawai Alhaji ya sani, tsohon da ya ba shi hayar ɗaki kusa da asibitin. Sunansa Raghavan. Sunan ya ƙi zama a bakin Alhaji, sai yake ce masa Baba.

Baba tsohon sojan ruwa ne, amma ba na bindiga ba. Ɗan badujala ne, cikin masu kaɗa da busa in ana fareti. Ɗan masunci ne, ya shiga aikin tun gemu bai fito masa ba, bai bari ba sai da kansa ya yi fari fat. Ya busa begila a ɗaga tuta, ya busa a sauke ta. Ya busa wa manyan baƙi a tashar jiragen ruwa. Ya busa a saman jirgi igiyar ruwa tana wasa da su, na kusa da shi yana amai. Har yau akwai kanta a leɓensa, daidai inda bakin begilar ke zama.

Da ya ji matsalar jini, bai yi dogon zance ba. Da ɗan Turancin da suke lallaɓawa da shi, ya ce:

"Gobe da safe muna da taro a bakin teku. Samarin da na koya wa busa za su zo. Ka biyo ni, zan roƙe su."

Alhaji ya garzaya ya shaida wa Hajiya. Tana kwance, numfashi da ƙyar, amma bakin nan nata yana nan.

"Alhaji, taron mutane za ka. Don Allah ka bar hannun nan naka ya huta."

"Wane hannu kuma?"

"Wanda ke faɗawa aljihu da zarar ya ji ganga."

Ya yi dariya. Gaskiya ta faɗa. A Funtuwa makaɗa ba sa fara wasa sosai sai sun hango hularsa. Wajen liƙi ba a kama ƙafarsa.

Da safe suka isa bakin teku.

Alhaji ya ga tsofaffi da samari cikin farin kaki, an goge shi har yana ɗaukar ido. Ya ga mata riƙe da furanni, tuli guda. Shi kuwa Indiyar da ya sani ta fim ce. A fim, in ka ga fure, biki ne.

Bai tambayi kowa ba.

Baba ya fito gaban sahu, ya ɗora begila a baki, ya fara busa. A hankali, doguwa, mai ratsa jiki. Kowa ya ƙame.

Alhaji ya duba dama, ya duba hagu. Tsoho yana ta zuba gwaninta, ba wanda ya motsa. Abin ya ba shi haushi. A ransa ya ce, mutanen nan ba su san darajar gwani ba. Mutumin da zai ceci matata, a bar shi haka tsaye kamar maraya?

Hannu ya faɗa aljihu.

Ya ratsa sahun sojoji da babbar rigarsa, ya zaro sababbin takardun kuɗi, ya manna wa Baba ɗaya a goshi. Gumi ya riƙe ta. Ya ƙara wata. Ya ƙara wata, yana murmushi, yana waige ko wani zai taya shi.

Wata tsohuwa ta toshe baki da gefen mayafinta. Wani hafsa ya yunƙuro, idonsa jawur, na kusa da shi ya riƙe masa hannu.

Baba bai buɗe ido ba. Bai sauke begilar ba. Hawaye na bin kumatunsa, kuɗi na manne a goshinsa, ya ci gaba da busa har ya kai ƙarshe.

Iska ta kwashi takarda ɗaya ta jefa a ruwa. A daidai nan matan suka fara watsa furanninsu, suna kuka.

Sai a lokacin jikin Alhaji ya yi sanyi.

Ya matso kusa da Baba. "Baba, a garinmu haka ake girmama gwani."

Baba ya ɓanɓare sauran takardun daga goshinsa, ya sa masa a hannu.

"Ƙanena yana ƙarƙashin ruwan nan. Mai ganga ne. Jirginsu ya nutse da su. Sallama nake yi musu."

Ya juya ya tafi. Samarin suka bi shi. Ba wanda ya yi maganar jini.

Alhaji ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Ya kasa komawa gidan Baba. Ya tafi asibiti, ya zauna a bakin gadon Hajiya, kai a sunkuye. Ta dube shi sau ɗaya.

"Hannun ne?"

Ya gyaɗa kai.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta juyar da fuska bango, ta ce, "Allah ya sa da sauran kwanana." Wannan ya fi masa mari ciwo.

Washegari da hantsi, ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce ana nemansa a ɗakin ɗibar jini.

Ya tarar da samarin jiya zaune a kan benci, sun naɗe hannun riga. Har da hafsan nan mai jan ido. Baba yana tsaye a bakin ƙofa.

Alhaji ya durƙusa, dattijo da shi, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Baba, bayan abin da na yi?"

"Tashi, kana tare hanya," in ji Baba. "Abu na farko da aka koya mana shi ne, in ka ɗora begila a baki, ba ka saukewa sai ka kai ƙarshe. Ko zuma ta harbe ka. Ko wani Alhaji ya rufe maka fuska da kuɗi."

Samarin suka tuntsire da dariya. Baba bai yi ba.

"Na riga na fara da maganar matarka," ya ce.

Aka yi wa Hajiya aiki a ranar da aka sa. Ta tashi.

Amma tun a ɗakin jinin nan, da saurayin farko ya fito da auduga a hannu, hannun Alhaji ya sake zarcewa aljihu da kansa. Baba ya dube shi kawai.

Alhaji ya zaro hannun ba komai. Ya ɗora shi a ƙirji, ya sunkuyar da kai.

Darasi: In ka je garin mutane, ka tambaya kafin ka yi musu alheri irin na garinku. Niyya mai kyau ba ta hana ka taka kabarin wani. Kuma in ka ɗauki alkawari, ka kai shi ƙarshe, ko wanda ka yi wa ya ɓata maka.

Ka karanta, to tura wa wani. Ka fara da wanda hannunsa ke riga kunnensa.