Farar da Na Kai wa Maƙwabciyata

Babbar 'yata mai binciken ƙwarin gona ce. Da damina takan sauka wurinmu a Hadejia, ta yini a fadama tana kamun ƙwari. Wata rana ta dawo daga Kirikasamma da farin bokiti, ta ajiye a ɗakin girki, ta tafi gaida kawunta. Na buɗe sai na ga fara manya-manya, ko motsi ba sa yi. Na ce Allah sarki, yarinyar nan ta tuna ina son fara. Na fige na soya, na barbaɗa yaji. Ina ramuwar azumi, don haka ban ɗanɗana ba, na cika kwano na kai wa maƙwabciyata mai jikoki biyar a gida.

Sai da na zo wanke bokitin na ga takarda manne a murfin. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, a hankali nake haɗa baƙi. Na karanta: “Daga gonar da aka fesa wa guba. Kada a ci.”

Innalillahi! Ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na faɗa gidanta ina haki, na ce, “Yaya, yaran nan sun ci farar?”

Ta ce, “Wa zai ba su? Tana ƙarƙashin gado, jira nake su tafi islamiyya in ci abata. Lafiya?”

Nan na zauna daɓas a tsakar gidanta, na ce ta fito da farar a zubar, akwai guba.

Da 'yata ta dawo ta ji, ta dafe ƙirji ta ce, “Inna, ai na rubuta!”

Na ce, “Kin rubuta, 'yar nan. Hannuna ne ya riga idona.”