Dami Nawa Ne a Ciki, Kawu?

Abin da na karanta a jami'a ba shi da gajeren suna. In aka tambaye ni sai na ja numfashi tukuna, sannan in ce ilimin tunkarar bala'i da ba da agajin gaggawa. Kafin in kai ƙarshe mai tambayar ya ce "A'uzubillahi," sai ka ce ni na kirawo bala'in. Mahaifiyata kuwa ta hutar da kanta, duk wadda ta tambaye ta sai ta ce aikin gwamnati na koyo.

Da muka gama, kowa ya kama gabansa. Muna da zaure a wasaf, a nan nake ganin inda rabo ya jefa kowa. Wanda muka fi shiri da shi ya samu shiga wata ƙungiyar agaji a arewa maso gabas, kullum hotonsa jikin farar mota da ƙatuwar eriya. Wata da ta fi mu kai duka tana Legas a kamfanin inshora, ita ce ke zuwa ta duba in sito ya ƙone. Biyu sun shiga aikin kwana-kwana. Akwai wanda ke sa hular kwano yana tsawata wa leburori a wajen ginin gada, akwai kuma wanda ya gaji da jira ya buɗe shagon waya, kuma wallahi duk ya fi mu ƙiba.

Ni gida na dawo, Illela, a bakin iyaka. Na samu gurbi a wani ƙaramin ofishi mai kula da agaji in wani abu ya auku a ƙauyukanmu. Ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, kabad cike da fom, sai ni. A garin nan kowa sana'arsa a fili take: mai albasa, mai canjin sefa, dillalin shanu, mai kai kaya Ƙonni ya dawo da wasu. In aka zauna majalisa hirar farashi da hanya ake yi, ba ni da abin tofawa. Aikina ba ya tashi sai wani ya shiga uku. To mutumin da ba ka ganinsa da takarda sai gidanka ya faɗi ko ya ƙone, wa zai yi marmarin zama da shi? Abokan ƙuruciyata ba su guje ni ba, kada in yi musu ƙarya. Amma ina isowa wani zai ce, "Ga mai jiran masifa nan, kowa ya riƙe shagonai!" A yi dariya, ni ma in yi, in koma gida abin yana cina.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki karatuna da daraja: Kawu, yayan mahaifiyata, manomi a wajen Gidan Katta. Duk Juma'a in an sauko masallaci nakan hau babur in tafi wurinsa. Tabarma ɗaya muke zama, ƙwarya ɗaya muke shan fura, in na yi sanyi da ludayi ya fizge. "Kai ja'iri," zai ce, "mi anka koya maka bisa ruwa wanda ni ban sani ba?" Sai in zana masa a ƙasa da tsinke yadda ruwa ke bin gangare, yadda yashi ke cike hanyarsa ya sake wata. Yana saurare da gaske, yana musu da gaske. Wani lokaci ya ce na yi gaskiya, wani lokaci ya ce malamaina ba su taɓa riƙe hauya ba. A mako gaba ɗaya wannan zaman ne kawai nake jin ni mutum ne a cikin mutane.

Kawu yana da rumbu uku na laka a bayan gida, kuma da su aka san shi. A yankin ana cewa ba a taɓa ganin gindin rumbunsa ba. In damina ta yi tsakiya, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, wurinsa ake zuwa. Magidanci ya zo ya tsuguna kamar gaisuwa ta kawo shi, ya koma da gero a ƙarƙashin riga, ba wanda ya ji. Wannan shi ne girman Kawu, ba sarauta gare shi ba, ba mota ba.

A damina ta uku da kama aikina aka yi wani ruwa tun asuba har azahar. Na wajenmu bai isa ya yi ɓarna ba, amma wanda ya sauka a arewa, hayin iyaka, ya gangaro ya haɗu da shi. Ya bi ta bayan gidajen su Kawu, ya ci gindin rumbunan nan uku, ya narkar da su, ya kwashe komai ya zuba a kwazazzabo. Da ruwan ya janye ko zangarniya ɗaya ba a gani ba, sai duwatsun da aka ɗora su a kai.

Washegari da safe na ɗauki jakar fom na fita. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: a ƙarƙashin tausayin da nake ji akwai wani ɗan daɗi. Yau ga ranar karatuna. Yau mutumin da bai taɓa yi mini dariya ba zai ga amfanina, sunansa ne zai zama na farko a jerin waɗanda za a kawo wa tallafi.

An koya mana yadda ake ƙididdigar ɓarna, kuma a wannan darasin ba wanda ya kamo ni. Ka je da wuri kafin labari ya kumbura. Ka tambayi mai abu da bakinsa, a gaban shaidu, in da hali a gaban mai unguwa, don kada wanda ya rasa akuya ya rubuta saniya. Tun safe haka na yi gida-gida, har na samo wata kalma da ke rage ƙari. In na ga mutum yana neman zarcewa sai in ce, "Tsakaninka da Allah."

Na tarar da ƙofar gidan Kawu cike da masu jaje. Yana zaune a tsakiya, wandonsa duk taɓo. Ana ta "Allah ya mayar da alheri," wani dattijo yana girgiza kai yana cewa hatsin shekara uku ruwa ya ci. Na tsuguna na yi jaje a gurguje, na zaro fom, na ɗora a gwiwa.

"Kawu, rumbu nawa ne?"

"Uku, ka san su."

"Dami nawa ne a ciki?"

Ya dube ni, ya dubi takardar. "Bar wanga zance, ɗana. Wanda ya ba da abu ya amshi abinai."

Da ina da hankalin tuwo, a nan zan naɗe takardata. Wa ya taɓa tambayar magidanci abin da ke cikin rumbunsa? Ko matarsa ba ta leƙawa, awo ake fito mata da shi. A cikin wannan na tashi, na sani kamar yadda na san sunana. Amma fom yana da gurbi, kuma an koya mini gurbi ba ya zama fayau.

"Sai an rubuta, Kawu. In babu adadi ba a duba takardar. Ga mai unguwa nan shaida. Faɗi kawai, tsakaninka da Allah."

Bakina ne ya saba tun safe, kalmar ta fito da kanta. Na ga fuskar Kawu ta sauya. Mutum ne da ko a cinikin akuya ba ya rantsuwa, balle a haɗa shi da Allah ya karkace.

"Tunda ka gama ni da Allah," ya ce, muryarsa a kwance, "biyu babu komi cikinsu. Na ukun, dami bakwai."

Dattijon nan mai hatsin shekara uku ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Wani ya yi tari, ya ce zai je ya duba gonarsa. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, kuma mafi yawansu mutanen da suka ci geron Kawu ne a wannan daminar. Ni kuwa, dubi wauta, na sa biro na rubuta bakwai.

Mahaifiyata ce ta fayyace mini da na koma, don labarin ya riga ni isa Illela. Ashe shekara biyu gonar Kawu ba ta yi ba, kuma bai iya cewa babu. Ranar kasuwa yakan shigo gari ya sayar da tunkiya, ya auni gero, ya rufe buhun da ganyen albasa ya kai gida. Wanda ya zo nema ya ɗebo masa kamar daga rumbu. Ita ta sani, ta yi shiru shekara biyu. "Ruwa ya zo ya ruhe mai asiri," ta ce, tana kuka tana nuna ni da yatsa, "kai ka tahi ka tone shi da biro. Wanga shi na karatun?"

Na rasa wanda zan gaya wa, sai na rubuta a zaurenmu na wasaf. Ta inshora ta ce ai ƙa'ida na bi, ba ni da laifi. Abokina na ƙungiyar agaji ya ce su yanzu a keɓe suke tambaya, ya yi mamaki ban sani ba. Mai shagon waya ya turo hoton sabbin kayan da ya sauke. Daga nan hira ta koma kan wani gurbin aiki da aka tallata a Abuja.

Na je ban haƙuri bayan kwana biyu. Na so ya zage ni, wallahi na so ya ɗauki sanda. Sai ya ce, "Ba komi, aikinka ka yi." Da tallafi ya iso aka kira sunansa sau uku bai zo ba, bai aiko ba. Masu zuwa gaisuwa su koma da gero suka daina zuwa, don kunya ko don tausayi. Wasu ma suka fara aiko masa da tiya ɗaya, tiya biyu, kuma na san wannan ya fi ruwan yi masa ciwo. Juma'a uku a jere ina zuwa ana ce mini ya fita gona. Na daina zuwa. In an sauko masallaci sai in buɗe ofis in zauna, ko da ba lokacin aiki ba ne a wurin kowa.

Bayan kaka, wani ɗan kabu-kabu ya gaya mini Kawu ya kira gayyar ginin sabon rumbu, 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwa duk suna can. Ba a aiko mini ba, amma na sa tsofaffin kaya na tafi. Na ce ko laka in taka, a ga ƙafata cikin ta kowa.

Na tarar ana ta kwaɓa ƙasa, ana waƙa, ana tsokanar juna. Na jingine babur na fara naɗe wando. Kawu ya hango ni, ya wanke hannu, ya taso da kansa.

"Maraba da yallaɓai," ya ce. Ya juya wajen babban ɗansa. "A samo mai kujera. Kada laka ta ɓata mai tuhwahi."

Aka aro kujerar roba a maƙwabta aka ajiye mini a inuwa. Da aka kawo fura, su suka kewaye ƙwarya suna karɓar ludayi hannu da hannu, ni aka kawo mini tawa a kofi mai murfi, a kan faranti. Na zauna a nan ina kallo har aka gama ɗorin ranar. Ba wanda ya yi mini kallon banza, kowa ya gaishe ni da ladabi.

Da na tashi tafiya Kawu ya rako ni har gindin babur, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ya tsaya har na tayar, sannan ya ɗaga hannu.

"Mun gode da ziyara," ya ce. "A gaida mutanen ofis."