Yadda Inno Ta Zaɓa wa Ɗanta Birni

Kakata Balaraba, wadda duk gidanmu muke kira Inno, ba ta taɓa wuce Sakkwato ba. A Boɗinga aka haife ta, aure ya kai ta Shagari, kuma tsakanin garuruwan nan biyu ta ƙare kwanakinta. Amma in ka ambaci Kano a gabanta sai ta tambaye ka wace Kano, Fagge ko cikin birni ko Sabon Gari. Ta san unguwar da ake yankan aljihu a Ikko, ta san inda ake fasa kwalba a Jos. Ta tara wannan sani ne saboda mutum ɗaya, ɗanta na fari, kawuna Tukur, wanda ni ban taɓa gani ba. Abin da zan rubuta na ji shi daga mahaifiyata Hasiya, ƙanwarsa, da kuma Baba Mode, taubashin Inno, wanda na riska yana tsoho.

Mijinta Na'Allah manomi ne, gero da albasa. Kamar sauran maza, in an gama girbi yakan tafi cin rani, ya dawo kafin ruwan farko. Wata shekara a tashar mota ta Badun, can ƙasar Yarbawa, wasu samari suka kama jakarsa, ya ƙi saki, suka karya masa hannu. Ya yi ta ihu, mutane suna wucewa. Ya dawo gida hannun ya ɗoru a karkace, bai sake riƙe galma da kyau ba har Allah ya karɓi ransa. Daga nan Inno ta fara sayar da fura a bakin hanyar Jega, gindin wata tsamiya inda motocin kaya ke tsayawa a sha ruwa. Duk mai dawowa daga Kurmi ko gabas nan yake sauka.

Tukur yana girma, ta san wata rana shi ma zai tafi. Abin da take so kawai shi ne ya je ya dawo mata da gaɓoɓinsa cikakku. Sai ta shiga auna birane.

Ba ta cika yarda da bakin matafiyi ba, don ta ce wanda ya yi nisa ƙarya ba ta yi masa wuya. Jikinsu take kallo. Wanda ya zauna shan fura ya danne jakarsa da cinya, daga Ikko yake. Wanda ya nemi jingina bayansa da tsamiya kafin ya karɓi ƙwarya, ya yi zaman barikin kuza a Jos. In ta gama kallo sai ta ƙara masa ludayin nono, ta yi tambayarta: "Can inda ka hito, in mutum ya yi kuwwa, wa ka hitowa?"

Akwai wani Ɗantani, mutumin Mandera, mai yawan cika baki, wanda kowace shekara gari daban yake zuwa. Mahaifiyata takan kwaikwayi hirarsu.

"Inna Balaraba, Ikko ba a kashe mutum," in ji shi. "Tuɓe ka dai akai. Akwai wasu yara, jaguda suka ce musu, reza gare su ƙarƙashin halshe. Kana tahiya kana jin iska na shiga cinyarka, ashe aljihun ya daɗe da tahiya."

"Kai naka sun yanka?"

"Ni? Ɗantani? Sun san ni!"

"To wanga ɗinki da ni ka gani ga rigarka, gara ta ci?"

Aka kwashe da dariya. Ya ce ƙusa ce ta mota. Ta ce Allah shi tsare mu da ƙusa mai yanka a miƙe.

A haka ta harhaɗa abin da ta sani. Cikin birnin Kano sata kaɗan ce, kowa ya san kowa, amma baƙo ba ya samun wurin kwana a can, Fagge ake tura shi, inda mai kirki da ɓarawo suke kwana a zaure ɗaya. Sabon Gari akwai aiki, akwai kuma giya, faɗansu na kwalba ne. Jos kuwa lafiya lau ake har ranar biyan lebura, ran nan caca take tashi, wuƙa ta biyo baya. Badun ko sunanta ba ta son ji, ko da yake kowa ya shaida mata cewa unguwar Sabo tana da sarki da tsari, tasha ce kawai matsala. Takan ce ai ba daga sama mutum zai faɗo cikin Sabon ba.

Baba Mode fataucin goro yake yi, hanyarsa Kumashi. Shi ne ya ba ta labarin zangon Hausawa na can. Ya ce baƙo ba ya yawo shi kaɗai, daga saukarsa akwai mai gidan da zai karɓe shi, ya san sunan ubansa da garinsu. In an taɓa shi mai gida aka taɓa, magana sai gaban sarkin zango. Ya ce ya taɓa mance huhun goro a ƙofar masallaci, washegari ya same shi an ma yayyafa masa ruwa kada ya bushe.

"In ka yi kuwwa fa?" in ji Inno.

"Ke dai da kuwwa! Can kahin ka buɗe baki an cika ƙofar gida."

Ta bi diddigin maganar wajen wasu fatake biyu ko uku, duk bakinsu ɗaya. Mahaifiyata ta ce akwai abin da ba wanda ya lura da shi a lokacin. Masu dawowa daga Jos da Ikko kullum cike suke da gindin tsamiya, kowa da tabonsa da labarinsa. Daga Kumashi kuwa fatake kawai ake gani. Samarin da suka tafi can ba su cika zuwa shan fura ba. Inno ta ɗauka ƙarancin mummunan labari ne.

Shekarar da aka yi faɗan Kano, tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari, ita ce shekarar da Tukur ya isa tafiya. Sa'o'insa duk sun tafi sun dawo da kayan aure. Shi Kano yake so, don ta fi kusa. Labarin faɗan ya rufe wannan ƙofa.

A nan sai na faɗi wani abu game da Inno. Dangin uwarta Fulani ne, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi fiye da yadda ake yi yanzu. Ba ta kiran sunan Tukur, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye sai dole. "Wancan" take ce masa. A wurinta da wurin mutanenta wannan shi ne mutunci, uwar da ke nuna son ɗan fari a fili abin dariya ce. Don haka ranar da ta yanke shawara, sai ta kalli mahaifiyata, alhali Tukur yana zaune a tsakar gida yana gyaran igiya.

"Hasiya, a hwaɗa ma wancan, in tahiya za shi yi, shi bi Mode."

Tukur ya ce wa Hasiya, "Ki ce mata na ji."

Ranar tafiya ba ta yi rakiya ba, ba ta kuma bukatar yi, don a gaban tsamiyarta motar take lodi. Ta dama fura a babbar ƙwarya, wadda mutum uku ba za su shanye ba, ta miƙa wa Mode ta ce ya sha hanya da nisa. Mode ya kurɓa ya miƙa wa Tukur. Ita tana ta goge ludayin da ba shi da datti har motar ta tashi.

Ruwan farko ya sauka, 'yan cin rani suka dawo, babu Tukur. Mode ya kawo goro da turmin atamfa, ya ce mai gidansu tela ne, ya ga yaron yana da hannu, ya zaunar da shi a kan keke. Inno ta karɓi kayan ta ajiye gefe.

"Zangon nan dai lahiya? Ba a sata?"

"Lahiya lau."

"Masu ɗinki na unguwar fa, ba mai taɓa su?"

"Ke Balaraba, ko Gwamna bai damu da ɓarayin Kumashi kamar ke ba. Ko sarautar 'yan doka za a ba ki?"

"Mugun taubashi. Sha furarka."

Haka aka yi ta yi shekara bayan shekara. Tukur ya ƙware, mai gida ya ba shi 'yarsa, aka yi haihuwa. Duk zuwan Mode tambayar Inno ɗaya ce, ta ɓarayi da masu faɗa, shi kuma amsarsa ɗaya ce. Baba Mode ya gaya mini yadda abin yake a ɗaya gefen. Ya ce da ya sauka a zango Tukur zai bar keke ya zo ya tsuguna, a gaisa, ya tambayi damina da albasa da Hasiya, sai can a ƙarshe ya ce, "Inna ta ce mi?"

"Ta ce in tambaya ko ana sata."

Sai Tukur ya yi dariya ya ce a gaya mata lafiya lau. Amma ba ya tashi nan da nan, yakan ɗan ci gaba da tsuguno kamar akwai saura. Mode ya ce sau ɗaya ya gaji ya ce masa, "Yaro, uwarka na son ganinka." Tukur ya ɗago ya ce, "Ita ta hwaɗi?" Mode bai iya yi masa ƙarya ba. Tukur ya ce to, tunda hankalinta kwance yake da inda ta aiko shi, shi mi zai ce.

Wata shekara ɗan Abu, wata maƙwabciyarsu, ya dawo daga Ikko daga shi sai wando. An kwashe komai har hular kansa. Abu ta fito kasuwa tana kuka tana tsine wa Ikko da mutanenta, mata suna ba ta haƙuri. Inno ma ta je ta yi jaje. Da suka koma gida tana tankaɗe, sai ta ce wa mahaifiyata, "Tana kuka, ga shi gabanta shina cin tuwo." Can kuma ta ce, "Da Ikko na tura wancan, da sun tuɓe shi sun aiko min abina."

Mahaifiyata ta ce, "Inna, to ki aika a kira shi mana." Inno ta ce da wane bakin.

Bayan ƙasar can ta sami 'yancinta aka fara kiranta Gana, tafiya ta ƙara wuya, ƙafafun Mode kuma sun fara kumbura. Ya sanar cewa wannan zuwan shi ne na ƙarshe. Ranar da zai tashi ya zo gindin tsamiya, Inno ta miƙa masa ƙwarya, ya ƙi karɓa.

"Yau ba ni shan furarki sai kin ba ni saƙo."

"Ka gaida mutanen zango."

"Zango mutum dubu ne. Wa?"

"Ka ce musu nan ma lahiya muke, ba ɓarawo."

"Balaraba, ni da ke mun tsuhwa da wasa. Daga wagga tahiya ba ni komawa. In kina da magana, da suna za ki ba ni ita, in ko babu in tashi."

Direba yana ta danna ham. Mahaifiyata tana wurin, goye da yayana. Ta ce Inno ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, daga cikin mayafin maganar ta fito, a hankali.

"Ka ce ma Tukur uwatai ta tsuhwa. Shi taho gida."

Mahaifiyata ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inno ba sai ran nan. Mode ya ɗauki ƙwarya ya shanye, bai ƙara tsokana ba.

Da ya dawo ya ce ya isar da saƙo kalma da kalma. Tukur ya sa shi ya maimaita, ya tambaya ko da gaske da sunansa ta faɗa, sannan ya shiga bayan shago ya daɗe. Da ya fito ya ce a gaya mata yana zuwa. Sai dai surukinsa yana kwance ba lafiya, shago da gida duk a kansa suke, matarsa kuma tana da tsohon ciki. In ta sauka lafiya, kafin damina, zai kawo su duka ta gan su.

Inno ta sa aka gina ɗaki a gefen nata, aka yi masa jinka da sabuwar ciyawa, ta daɓe ƙasan da hannunta. Damina ta zo ta wuce. Da rani ta sa aka sake baibaye shi. Mode ya daina tafiya, fataken da suka gaje shi ba su san Tukur ba. Wani ya ce ya ji tsohon telan ya rasu, iyalin sun koma Ankara, babban birnin Gana. Wani ya ce a'a, arewa suka yi, wajen Tamale. Ba wanda ya taɓa kawo labarin cewa wani abu ya same shi.

Shekarar da Turawa suka sauka daga mulkin ƙasar nan albasa ta yi kyau ƙwarai, mahaifina ya rasa inda zai zuba tasa. Ya daɗe yana jin nauyin tambaya. Inno da kanta ta kira shi ta ce ya zuba a ɗakin, ba amfanin a bar wa gara. Sai dai ta ce kada a cika shi, a bar wajen taga, daidai shimfiɗar tabarma ɗaya.